Tsarabar da Na Cire wa Kwali

Ni tun da na buɗe ido ban taɓa yi wa Tsoho magana a miƙe ba. Kakana ne, ƙanin baban uwata, kuma kun san yadda jika da kaka suke. In na shigo gida, gaisuwata ke nan: "Kai har yanzu kana nan? Yaushe za ka tafi ka bar mini matata?" Shi kuma ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Ja'iri, je ka wanke wuyanka tukuna." Hajiya, matar tasa, tana kicin tana dariya, tana cewa mu yi a hankali, ita duk wanda ya kawo nama shi ne mijinta.

A Rillieux suke zaune, can arewa da Lyon, hawa na bakwai, a benen da asansar ɗinsa, wato lif, ke aiki ran da ya ga dama. Ina da shekara sha ɗaya aka kawo ni wurinsu daga Damagaram wai in yi lakwal, karatun boko. Na dai je, ba za a ce ban je ba. Kujerar baya ta san ni sosai.

Tsoho ya yi shekara talatin a wata luzin, masana'antar ƙarfe, kuma aikinsa guda ne, awo. Wasu su ƙera, shi ya auna, ya ce wannan ya wuce, wannan ya koma. Yakan ce tun da ya shiga har ya fita ba a taɓa dawo da ƙarfen da ya sa wa hannu ba. Sau dubu na ji wannan magana. Ba shi da gidan kansa, ba shi da mota ta kirki, Faransancinsa har ya tsufa bai miƙe ba. Wannan kaɗai yake da shi, kuma ya ishe shi.

A luzin ɗin ne wani abokin aikinsa Bature ya ja shi kulob ɗin masu harbi, wani fili a bayan gari inda tsofaffi ke zama ran Asabar suna huda takarda daga nesa. Baban Tsoho maharbi ne a gida, to abin bai zo masa baƙo ba. Shi kaɗai ne baƙar fata a wurin, har ya kai ni muka zama biyu, ya yi mini kart ɗin kulob kamar kowa. Kuma bai yarda da harsashin kanti ba. Nasa yake haɗawa da hannunsa, a garajinsa na ƙasan bene.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Kwanson da aka riga aka harba shi ake wankewa. A gindinsa akwai wani ɗan abu kamar maɓallin riga, ana ce masa amors, shi ne ke tartsatsi ya kunna albarushi. A fidda tsohon, a sa sabo, a auna albarushi a zuba, a matse kan harsashin. Tsoho ba ya auna ɗaya ya ce saura ma haka. Kowane kwanso sai ya hau sikeli da nasa, yana riƙe numfashi kamar mai sa zare a allura, sannan ya rubuta a kaye, ɗan littafinsa na awo. Shekara da shekaru yana ƙara ɗan kaɗan, ɗan kaɗan, har ya kai awon da bindigarsa ta fi so, kuma awon nan yana dab da iyaka. Ya sani sarai. Shi ya sa kullum yake cewa, "In abu guda ya canza, ko da launin kwali ne, sai ka koma ƙasa ka faro daga farko." Ni kuwa ina jin wannan kamar yadda nake jin huɗubar Juma'a daga sahun waje. Ina gyaɗa kai, ina tunanin abinci.

Da lakwal ta gaji da ni, na tattara na koma Paris. Wato Stains, can bayan gari, amma in an tambaye ni a gida Paris nake cewa. Ina rabon kaya a ƴar mota, hawa bene, sauka bene. Ran Lahadi ina kiran Tsoho a salula, mu taƙaita gaisuwa mu shiga zagin juna.

Wata Lahadi na ji muryarsa ba daɗi. Na ce, "Me ya faru, matata ta kore ka?" Ya ce a'a, amors ne ya yanke a Lyon. Kantin da yake saye sati nawa suna cewa ya dawo wani sati. Ya ce kwansunansa na nan a jere a wanke, kamar yara an yi musu wanka ba riga.

Sallah ta kusa, dama zan je. Kuma ban taɓa kai masa tsarabar da ta amsa sunanta ba, kullum dabino ne ko hula. Sai na ce a raina, wannan karon zan ba tsohon nan mamaki.

Na nemi kantin bindigogi a cikin Paris na shiga. Tun daga ƙofa mai kantin yake bi na da ido, irin kallon nan da duk mun san shi. Na ajiye masa kart ɗina a kan tebur kafin ya tambaya. Ya juya shi gaba da baya, ya dube ni, ya dubi hoton. Na faɗa masa girman da nake so, don wannan kam na haddace. Ya ce na yau da kullum sun ƙare, sai magnum. Girmansu ɗaya, in ji shi, ramin ɗaya suke shiga, sai dai waɗannan wutarsu ta fi. Sannan ya ɗan sunkuyo ya ce, "Ka dai san abin da ake yi, ko?"

Na ce, "Mais oui."

Ban san komai ba. Kawai ba na so mutumin nan ya ga ban sani ba. Kuma a kaina lissafin mai sauƙi ne. In za ka kai wa babba shayi, mai ƙarfi kake kai masa. In turare ne, wanda ya fi kama jiki. To ga amors mai wuta fiye da na kowa, me ya fi wannan dacewa da Tsoho? Har daɗi na ji da na yau da kullum ɗin suka ƙare.

Amors a cikin ƴan faranti na roba suke zuwa, kowane a raminsa, kowane faranti cikin rigar kwali, kuma a jikin kwalin ne kaɗai aka rubuta ko wane iri ne. Mai kantin ya manna takardar farashi a kan kowane kwali. Ni kuwa uwata ta yi mini tarbiyya guda da ta kama: ba a miƙa wa babba kyauta da farashinta a jiki, rashin kunya ne. Na zauna a ɗakina ina kankarewa da farce. Takardar ta ƙi fita, kwalin ya yage, ya yi muni. Na ce to, gaba ɗaya ma a huta. Na zare kwalayen duka, na haɗa da takardar kanti na watsa a pubel ɗin shara. Farantan na ɗaure su da roba, na naɗe a sabon hankici fari. Wallahi sun yi kyau.

Ran Sallah falon cike yake da baƙi. Na ba Hajiya turarenta, na ce ta ɓoye kar tsohon ya shafa. Sannan na miƙa masa nasa. Ya buɗe gefe guda, ya leƙa, sai na ga fuskarsa ta saki.

"Ina kwalin?"

"Na cinye a hanya, yunwa."

Baƙi suka yi dariya. Ya ɗan jujjuya farantin a haske. Da ido ba a bambanta su, ko shi bai iya ba.

"Irin namu ne?"

"To irin na wa zan kawo maka? Irin naku ne na tsofaffi."

Ya mayar da hankicin ya rufe, ya ɗaga wa mutane ya ce, "Kun gani? Ja'irin ya fara hankali." Da a kanti aka ba shi abu ba kwali, ko taɓawa ba zai yi ba, na san shi. Amma tsaraba ce, daga hannun jika, a gaban mutane. Ba a tambaya sau biyu. Kuma ni ban ji na yi ƙarya ba a lokacin. A ganina irin nasu ne, har da gyara.

Sai da zafi ya shigo na sake zuwa Lyon. Ya riga ya haɗa harsasansa a cikin satin, shi kaɗai, da awonsa na kullum. Ran Asabar muka tafi fili. Rana ta buɗe sosai, har akwatin harsashin ya yi ɗumi a kan tebur. Abokansa uku suna nan, da shugaban kulob ɗin, wani dogo mai farin gashin baki.

Tsoho ya zauna, ya gyara, ya harba na farko. Ƙarar ta ɗan fi kaifi, ko ni na ji. Ya zo buɗe sakatar bindigar ta ƙi, sai da ya doke ta da tafin hannu. Ya ɗauki kwanson, ya tura tabaransa na kariya sama kan goshi don ya gani da kyau, ya daɗe yana duban gindin.

Ya ce, "Wannan bai yi mini ba."

Ya fara rufe akwatin. Da na yi shiru da shi ke nan, mun koma gida mun ci shinkafa.

Na ce, "Ba sakata ba ce, Tsoho, hannu ne ya mutu. Matata ma ta faɗa mini, wai ko murfin kwalba sai ta buɗe maka." Na kuma juya na maimaita da Faransanci don abokansa su samu rabonsu. Suka kwashe da dariya, ɗaya har yana buga cinya. Tsoho ya harare ni, yana murmushi ta gefen baki. Ya ce, "Za ka ga hannu." Ya buɗe akwatin, ya ɗauki na biyu. Tabaran yana nan a goshi.

Ba wata babbar fashewa aka yi ba. Ƙara ce, sai wani fiit, sai hayaƙi ya fito ta baya, inda bai kamata ya fito ba. Tsoho ya ajiye bindigar a hankali, bakinta na duban gaba yadda doka ta ce. Sannan ya dafe idonsa na dama. Ya ce da ni, da murya kamar yana aike na sayen burodi, "Ja'iri, ɗauke sauran nan daga rana."

Na ɗauke.

Abin da nake tunawa a lopital, wato asibiti, shi ne hularsa a hannuna. An shiga da shi, an bar ni da hula. Na sha kafe na inji, na ci sandwic, na kuma cinye shi duka. Ina jira in ji wani abu a ƙirjina, tsoro ko kuka, ban ji ba. Na ƙirga fale-falen daɓen wurin har bango, na dawo. Da Hajiya ta iso tana salati, na miƙa mata hular, ban san me ya sa ba.

Ba a cire idon ba. Yana nan, in ka gan shi ba za ka ce komai ba. Haske kawai yake gani da shi, ya ce kamar ta cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Yana kwance a lopital Hajiya ta ce ba ta ƙara kwana da kayan nan a ƙarƙashinta. Ta kira shugaban kulob ya zo ya kwashe. Ni na buɗe masa garajin, ni na riƙa ɗaukar kaya zuwa motarsa. Sauran harsasan ya ce lalata su za a yi, ba mai sake harba su. Yana tattarawa yana girgiza kai, yana cewa albarushi ne ya yi yawa, ba shakka, hannu ya zarce, duk ranar tana jiranmu in shekaru suka taru. Sai ya kai hannu kan farantan, suna cikin hankicina. Ya ce, "Waɗannan ba kwali? Abin da ba suna ba a ajiye shi."

A nan ne muryar mai kantin Paris ta dawo mini, da yadda ya sunkuyo. Ina tsaye da akwatin kayansa a hannu. Bakina bai buɗe ba. Ba zan ce tsoro ba ne, don ban ji tsoro ba. Kamar dai ana yin abin a gidan maƙwabta ina ji ta bango. Shugaban ya juye su a gwangwanin mai don ya kashe su, ya rufe, ya sa a mota. Na taya shi rufe but.

Da na koma Paris na je kantin, na ce wani abokina ne ke tambaya. Mai kantin bai ma gane ni ba. Ya ce in ka sa mai wuta a inda aka saba da na yau da kullum, dole ka rage albarushi ka faro daga ƙasa, balle in awonka dama yana bakin iyaka, balle kuma da zafi. Ya ce, "Wannan kowa ya sani." Na ce haka ne. Na fito na ci gaba da rabon kaya, akwai firiji da ake jira a hawa na biyar.

Idon bai dami Tsoho ba kamar yadda na zata. Abin da ya cinye shi daban ne. Ya yarda cewa shi ya zarce awo, ya duba sikeli ya ga daidai alhali ba daidai ba ne. Kuma yana da wa a gida, wanda da tsufa ya kama shi ya riƙa fita ba takalmi yana tambayar mutane hanyar gidansa. Tsoho ya ce haka nasa ya faro, da ƙananan abubuwa. Ya ce wa Hajiya, "Hannuna ya yi abin da ban sani ba. To me kuma yake yi da ban sani ba?"

Daga nan ya fara ajiye abubuwa ɗaya bayan ɗaya. In ya kulle ƙofa sai ya kira Hajiya ta murɗa ta gani. In ya idar da salla sai ya tambaye ta raka'a nawa ya yi. Shi da ke raba naman layya wa gidaje bakwai ba wanda ya taɓa ƙorafi, ya miƙa wuƙar ga wani. Ran Lahadi in na kira na ce, "Har yanzu kana nan?" sai ya ce, "Ina nan," ya tsaya. Ba wuya, ba wanka.

Wata biyar na yi ina ɗauke da maganar. Ina ci, ina barci, ƙiba ma na yi. Ran nan dai na hau jirgi na tafi, ba Sallah ba, ba komai ba.

Na same shi a falo da rana, talabijin na yi ba murya. Na cire takalmi, na cire hula, na zauna a ƙasa gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Alhaji, ina da magana da ku."

Ya juyo da lafiyayyen idon ya dube ni.

Na faɗa masa duka. Kantin, magnum, farashin da ya ƙi fita, pubel, abin da mai kantin ya ce daga baya. Na ce awonku daidai ne, sikelinku daidai ne, ba abin da ya sami kanku. Ni ne.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, ta farko tun ranar, har da tari.

"Hajiya! Zo ki ji. Mijinki ya zo da sabon salo. Wai Alhaji. Wai ku."

"Wallahi gaskiya nake faɗa."

"Wallahi? Kai da ka ce wallahi ka ci jarrabawa? Ka ce wallahi ba kai ka kwashe kilishina ba, yajin na bakinka?"

"Wannan daban ne."

"To ina kwalin?"

"Na yar."

"Takardar kanti?"

"Na yar."

"Amors ɗin?"

"Suna cikin mai."

Ya share idonsa da bakin riga. Dariyar ta sauka a hankali. Ya ɗora hannu a kaina, abin da shi ma bai taɓa yi ba, ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Na gane abin da kake so ka yi mini. Tun daga Paris ka biyo hanya don ka ɗauke mini kaya. Amma na tambaye ka ran nan, ka ce irin namu ne, kuma a fuskarka na ga gaskiya ka faɗa. Yau ne kake ƙarya. Na san ka, ja'iri. Tashi daga ƙasa, ba ta yi maka kyau ba."

Na ce mu je Paris ya ji daga bakin mai kantin. Ya ce mai kanti zai faɗi abin da amors ke yi, ba zai faɗi abin da ke cikin hankici ba. Na ce a kira shugaban kulob. Ya ce in bar bawan Allah ya huta. Shekara ashirin ina yi masa ƙarya don ya yi dariya, kuma yana yi.

Na shiga kicin. Hajiya tana yanka albasa, ta ji komai. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ni na yarda." Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Amma ba ni ce mai bukata ba." Ta zuba mini abinci, na ci.

Na sake gwadawa sau biyu a salula bayan nan, sau ɗaya kuma na rubuta a takarda da mummunan rubutuna na aika. Hajiya ta ce ya sa an karanta masa, ya ce yaron nan yana da zuciya mai kyau, a ajiye masa takardar.

Amma ranar da na zauna a gabansa, kafin in kama hanyar gar in hau jirgin ƙasa, la'asar ta yi, lokacin maganin idonsa. Ya laluba aljihu ya fiddo ƴar kwalbar, ya riƙe ta, ya dube ta. Sai ya miƙo mini.

"Ɗigo biyu likita ya ce. Kai ka sa mini. Ni kar in zarce."

Na ce, "Tsoho, za ka iya."

"Sa mini dai."

Ya kwantar da kai a bayan kujera, ya buɗe idon da yatsu biyu. Na tsaya a kansa na ɗiga, ina ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. Ya rufe idon, maganin ya gangaro ta gefen hancinsa. Na ɗaure murfin, na ajiye kwalbar inda Hajiya za ta gani, na ɗauki jakata.